Kafin a Zuba Siminti: Lissafin Hasumiyar 'Yan Mazan Jiya

Kowace shekara, ranar 15 ga Janairu, shugaban ƙasa kan fito a Abuja ya ajiye furanni a gaban mutum-mutumin sojan da ba a san sunansa ba, a busa bigila, a harba bindigogi sama, a saki fararen tantabaru. A bikin 2021 tantabarun sun ƙi tashi, aka yi ta kora suna maƙale, 'yan Najeriya suka samu abin hira na mako guda. Gwamnoni su ma sukan yi nasu a jihohi. Ranar tunawa da 'yan mazan jiya ke nan. A da 11 ga Nuwamba ake yin ta, kamar sauran ƙasashe rainon Ingila, daga baya aka mayar da ita ranar da Biyafara ta miƙa wuya a 1970. Bayan kowane biki kuwa ba a rasa mai cewa abin da ake yi ya yi kaɗan, ya kamata duk garin da aka taɓa ƙwatowa daga hannun maƙiya ya samu hasumiyarsa, a sassaƙa sunayen sojoji da na 'yan gari da suka ba da ransu, kamar yadda ake gani a biranen Turai.

Maganar ta iso mu a nan arewacin Kano tun da 'yan bindiga suka fara ƙetarowa daga Katsina suna shiga ƙauyukan Shanono da Tsanyawa a ƙarshen 2025, aka rasa sojoji, aka rasa 'yan sa-kai. Masu wannan shawara mutanen kirki ne, kuma zuciyarsu ce ta motsa. Ni dai ina da ja. Ba jinin kowa na raina ba. Abin da nake so shi ne a zauna a yi lissafi kafin a aza tubali, domin hasumiya tana da farashin da ba ya fitowa a takardar ɗan kwangila.

Wanda ke fitowa a takardar ma ba ƙarami ba ne. Kano ta gwada, kuma kowa ya ga yadda ta ƙare. A 2017, da jihar ta cika shekara 50, gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta gina dogon gini na ado a shataletalen ƙofar gidan gwamnati. Jaridu sun ruwaito cewa ya ci naira miliyan 160. A wancan lokacin mafi ƙarancin albashi naira 18,000 ne, wato kuɗin zai biya ƙananan ma'aikata wajen 740 albashin shekara guda cur. A watan Yunin 2023, gwamnatin Abba Kabir Yusuf ba ta yi wata guda a kan mulki ba, aka turo katafila cikin dare ta baje shi. Aka ce ya yi tsawo ya tare ƙofa, aka ce akwai matsalar tsaro, aka ce akwai siffar kuros a jikinsa. Da surutu ya yi yawa sai aka sake gina irinsa a Na'ibawa. Mai biyan haraji ya biya kuɗin gini, ya biya na rushewa, ya biya na sake gini, abu ɗaya sau uku cikin shekaru kaɗan. Wannan ginin bikin cika shekara ne kawai, babu gawar kowa a cikin labarinsa. A ƙasar da masarauta sukutum, irin ta Bichi, za a ƙirƙire ta a 2019 a soke ta a 2024, wa zai ba ni tabbacin cewa sunan ɗan maƙwabcina da aka sassaƙa yau zai tsira daga katafilar gwamnati mai zuwa?

A ce ma an tsira daga katafila, sai maganar inda za a kafa ta. Mutumin birni yakan ɗauka fili a ƙauye kyauta ne. Wanda ya san hanyar Dambatta, ko ta Bichi zuwa Tsanyawa, ko ƙauyukan Minjibir da Dawakin Tofa, ya san babu wani daji a nan. Gona ce ke jingine da gona, gamba ko lalle ne iyaka, kuma ba a barin ƙasa ta huta ko shekara ɗaya. Taki ake bi da shi, a da a kan jakuna daga bolar birni, yanzu a amalanke da a-kori-kura. Tun shekarun 1960 masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi ta nazarin wannan yanki saboda yana cikin karkarar da ta fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma. Tun daga lokacin gonakin sun sha rabon gado sau biyu ko uku, har akwai magidancin da gayaunarsa ba ta kai filin ƙwallo ba, a ciki yake haɗa gero da dawa da wake, harawar kuma ta riƙe masa awaki zuwa bazara. Hasumiya ba ta zuwa ita kaɗai. Tana zuwa da filin fareti, da rumfar manyan baƙi, da wurin ajiye motoci, da katanga. Gonar gida biyu ko uku ke nan. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 kuwa ta damƙa ƙasa a hannun hukuma, diyyar da ta tanada ta abin da ke kan ƙasar ce, shuka da itatuwa da gini. Za a ƙirga wa mutum kuka da ɗorawa da darbejiya, a ba shi abin da ba zai sayi kwatar wata gonar ba, ɗansa kuma ya tafi birni tura baro, ko ya nemi shiga soja.

Sai kula da ita bayan an yanke kirtani an watse. A nan ba sai mun yi hasashe ba, domin Kano ta gaji abin tunawa da yaƙi wanda ya fi duk abin da ɗan kwangila zai iya zanawa. Ganuwar birni tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, shekara 900 da suka wuce, kuma da aikin gayya na talakawan birni da ƙauye aka riƙa yi mata yaɓe. Yau a je a duba. An ɗebi ƙasarta an yi bulo, an yanka ta fuloti-fuloti, an kafa shaguna da gidajen mai a inda ta bi. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka maye gurbinta da ta siminti. Al'ummar da ta kasa riƙe wannan, ban ga dalilin da zai sa in yarda za ta riƙa share gindin sabuwar hasumiya ba. Shekara uku ta isa a cire wayar fitilu, a ɓamɓare farantin tagulla a kai wa 'yan jari-bola, fastocin 'yan takara su rufe sauran.

Duk wannan kuɗi ne, kuma kuɗi ana iya samo shi. Abin da ya fi damuna shi ne abin da hasumiya ke yi wa labari. Dutse ba ya ɗaukar dogon bayani. Layi biyu ko uku za a rubuta: ga waɗanda suka ceci gari, ga ranar. Daga wa aka cece shi, wa ya mutu bisa kuskure, wa ya sauya sheƙa, duk babu wuri.

Mu ɗauki wanda ya fi kusa da mu. A Ɗan Yaya, arewa da birni, aka yi karon da ya karya Sarki Alwali, na ƙarshe a sarakunan Haɓe, wajen 1807. Ya gudu, daga baya aka kashe shi a Burumburum, masu jihadi suka shiga birni, Malam Sulaimanu ya zama sarki. Ga jikokin Malam Jamo da Malam Bakatsine da Dabon Dambazau, wannan ranar ce aka ƙwato Kano daga zalunci aka tsayar da shari'a. Ga zuriyar Kutumbawa, ranar ce gidansu ya rushe. Dukansu Kanawa ne, suna sallah a sahu ɗaya, sun yi auratayya har ba a iya rabewa. Sannan ga Ɗan Tunku, wanda barinsa ɓangaren Alwali ya koma wa masu jihadi na cikin abin da ya juya yaƙin. Da an kafa dutse a lokacin, sunansa na sama-sama. Shekara goma sha biyu bayan haka, da Ibrahim Dabo ya hau a 1819, shi wannan Ɗan Tunkun ya ƙi mubaya'a, aka yi shekaru ana gwabzawa a wannan ƙasa tamu ta arewa, har Sarkin Musulmi Bello ya raba gardama ya bar masa Kazaure. To, mai ceto ne ko ɗan tawaye? A Kazaure uban masarauta ne. Kakanninmu ba su sassaƙa komai ba, sai labarin ya zauna a bakin maroƙa da malamai da tsofaffi, kowane gida da yadda yake ba da shi, kuma aka zauna lafiya. Ina ganin wannan dabara ce, ba gazawa ba.

A ƙarshen ƙarni na 19, zamanin Sarki Alu, Damagarawa sun kawo yaƙi aka kara a Gezawa da Tattarawa. Birnin bai faɗi ba. Amma gonakin da dawakai suka tattake, da rumbunan da aka ƙone, da 'ya'yan da aka kora arewa a matsayin bayi, na mutanen karkara ne. Wannan tsarin bai canja ba har yau: a ceci birni, ƙauye ya biya, a kafa abin tunawa a shataletalen birni inda manya ke wucewa. Ko a Fabrairun 1903, lokacin da sojojin Kanar Morland suka fasa ganuwa suka shiga Kano, Turawa cewa suka yi sun zo 'yantar da talakawa daga masu cinikin bayi, kuma yawancin masu riƙe da bindigogin nasu baƙaƙe ne, da Hausawa da yawa a ciki. Da mulkinsu ya ɗore, da yanzu akwai hasumiyar "masu ceton Kano" da sunayen waɗannan, su kuwa Wazirin Kano Ahmadu da waɗanda suka faɗi tare da shi a Kwatarkwashi sai dai a ambace su a raɗa.

Na zamaninmu ya fi zafi. A Disambar 1980 Kano ta ga abin da za a kira ƙwato birni na haƙiƙa. Mutanen Muhammadu Marwa Maitatsine sun fi ƙarfin 'yan sanda tun daga karon filin Shahuci ranar 18 ga wata, suka riƙe 'Yan Awaki da kewaye, sai da Shugaba Shehu Shagari ya turo soja da manyan bindigogi kafin a gama da su a ƙarshen watan. 'Yan tauri da matasan unguwanni sun taya. Kwamitin Mai Shari'a Aniagolu ya ce mutum 4,177 suka mutu. Babu mai musun cewa sojojin nan sun ceci Kano. Amma su wa ke cikin dubu huɗun? Akwai 'yan sanda da sojoji. Akwai mabiya Marwa, waɗanda da yawansu gardawa ne da 'yan cin rani daga ƙauyuka irin namu, yaran da iyayensu suka tura neman karatu. Akwai mazauna unguwar da aka tsare su a gidajensu har harsashin igwa ya same su. Akwai kuma waɗanda 'yan sa-kai suka tare a hanya suka kashe bisa zato, don sun ga baƙuwar fuska ko shigar almajirai. Idan aka kafa dutse aka rubuta sojoji da 'yan tauri, an gaya wa uwar yaron da aka kashe bisa zato cewa wanda ya kashe ɗanta gwarzo ne. Idan aka rubuta kowa da kowa, iyalan ɗan sandan da aka yanka ba za su yarda sunansa ya jeru da na wanda ya yanka shi ba. Kano ba ta mayar da wannan rana ta biki ba, kuma ban ga laifinta ba.

Haka labarin Janar Murtala Muhammad, ɗan Kano da babu wanda aka karrama kamarsa: ga filin jirgin sama na Legas, ga takardar naira 20, ga babban asibitin cikin birni. Rundunarsa ta biyu ce ta ƙwato Binin daga hannun Biyafara a Satumbar 1967, aka yi ta murna. Makonni kaɗan bayan haka, a farkon Oktoba, sojojin wannan runduna suka kashe ɗaruruwan maza farar hula a Asaba, mutanen garin na tunawa da ranar har gobe. A watan ne kuma aka yi ta yunƙurin ƙetare Kwara zuwa Onica cikin jiragen ruwa, sojoji masu ɗimbin yawa suka halaka, sannan ga kwanton-ɓaunar Abagana a Maris na 1968. A cikinsu akwai samarin Arewa da aka ɗauka da gaggawa aka ba su horon 'yan makonni. Littafi zai iya ɗaukar duk wannan, ya bar mai karatu ya auna, ya ga jarumtar ya ga ɓarnar. Hasumiya ɗaya za ta zaɓa. Asibitin kuwa, ko me mutum ke tunani game da Murtala, yana karɓar haihuwa kullum.

Turawan da ake cewa mu kwaikwaya su ma ba su tsira ba. A Talin, babban birnin Istoniya, Tarayyar Sobiyet ta kafa sojan tagulla don tunawa da "masu 'yantar da birnin" daga Jamus a 1944. Ga 'yan ƙasar da yawa, ranar ce sabon mamaya ya fara. Da gwamnati ta ɗauke shi daga tsakiyar gari a Afrilun 2007, sai da aka kwana biyu ana tarzoma, aka rasa rai. A Riga ta Latbiya, hasumiyar nasara mai tsawon mita 79 an kayar da ita a Agustan 2022, bayan Rasha ta afka wa Yukiren. Ginin da aka yi don a haɗa kan mutane ya koma wurin da ake jifan juna.

Masu son hasumiya suna da hujja guda mai ƙarfi, kuma ba zan kauce mata ba: suna. Mutum ya mutu a bakin daga a ce ba a ma rubuta sunansa ba, wannan wulaƙanci ne, kuma an yi mana shi. A 2021 hukumar da ke kula da kaburburan sojojin ƙasashe rainon Ingila ta fitar da rahoto ta amsa laifi: aƙalla mutum 116,000, mai yiwuwa har 350,000, yawancinsu 'yan Afirka da Masar, da suka mutu a yaƙin duniya na ɗaya ba a rubuta sunansu a ko'ina ba, alhali kowane Bature an sassaƙa nasa sunan a dutse. A yaƙi na biyu, yaƙin Hitila, birged ɗin Najeriya ce ta shiga Mogadishu a Fabrairun 1941 ta kori Italiya, aka ci gaba har Addis Ababa. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun sha dajin Bama, ƙasar da yau ake kira Miyanma, suka karɓe Myohaung daga Japanawa a Janairun 1945. Hausa ce harshen bariki a lokacin, kuma ta hannun hakimai da dagatai aka riƙa tara samari, wasu da son ransu, wasu don an ce kowace gunduma ta kawo nata. Me aka yi don tunawa? Aka sa wa barikoki sunayen wuraren: Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Letmauk a Ibadan, Arakan da Myohaung da Tamandu a Legas, Mogadishu a Abuja. Barikin Bukavu na Kano ma sunan wani gari ne a Kwango inda sojojinmu suka yi aikin Majalisar Ɗinkin Duniya bayan 1960. An adana sunan dajin da mutum ya mutu, nasa sunan kuma ya ɓace, ko yana can a bangon maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon cikin sunaye kusan 27,000, inda babu wani jikansa daga Kunci ko Makoɗa da zai taɓa zuwa.

Na yarda da wannan hujja ɗari bisa ɗari. Sai dai suna ba ya bukatar siminti. Rajista yake bukata: littafi a ofishin hakimi, kwafi a sakatariyar ƙaramar hukuma, kwafi a intanet, wane ɗan wane, daga gari kaza, ya rasu a wuri kaza ranar kaza, ya bar mata kaza da 'ya'ya kaza. Kuɗin wannan bai kai na fentin hasumiya ba. Dalilin da ya sa hukuma ta fi son sojan da ba a san sunansa ba shi ne ba shi da magada. Jerin sunaye kuwa jerin masu bin bashi ne. A Nuwambar 2018, da aka afka wa sansanin Metele a Barno, rundunar soja ta ce mutum 23 ta rasa, kafofin labarai suna cewa sun kai ɗari. Wanda bai daidaita da jama'a a kan adadi ba, ta yaya zai sassaƙa sunaye? Sannan sojoji 54 da kotun soja ta yanke wa hukuncin kisa a Disambar 2014 saboda sun ƙi fita yaƙi, suna cewa ba a ba su makamai ba, daga baya aka sassauta zuwa ɗaurin shekara goma, a daidai lokacin da aka fara binciken dala biliyan 2.1 na kuɗin makamai: a wane gefen dutsen za a sa su?

Ni a ganina hasumiya rasit ce ta bashin da ba a biya ba. An buga hatimi, an ɗauki hoto, mai bin bashi na tsaye a waje. Kuma tsohuwar ɗabi'a ce. Wata takardar gwamnatin Ingila ta 1945 da aka bankaɗo a 2019 ta nuna kuɗin sallamar farin soja maras igiya sule 10 ne a kowane watan da ya yi, na baƙar fata ɗan Afirka sule uku da rabi. 'Yan'uwanmu na ƙasashe rainon Faransa, har da Hausawan Nijar, suna cikin waɗanda suka ƙwato biranen Tulon da Marsai na Faransa a Agustan 1944. A ranar 1 ga Disamba na shekarar, a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Faransa suka buɗe wuta a kan tsoffin sojojin Afirka da suka dawo daga kurkukun Jamus suna neman haƙƙinsu. A 1959 Faransa ta daskarar da fanshon sojojin ƙasashen da ta raina, ba ta daidaita shi ba sai bayan shekara ta 2000, lokacin da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya. Duk tsawon wannan lokaci ba a fasa ajiye furanni ba. Mu ma da muka karɓi mulkin kanmu ba mu sauya hali ba. A ƙarshen 2024 da cikin 2025, tsoffin sojoji sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Abuja sun toshe ta, suna neman haƙƙoƙinsu, 'yan makonni tsakaninsu da ranar sakin tantabaru. Sai a 2025 aka ɗaga kuɗin abincin soja na yini daga naira 1,500 zuwa 3,000, a ƙasar da buhun siminti ya taɓa naira 10,000 tun 2024.

Maganar addini ba sai na tsawaita ba, kowa ya san ta. A maƙabartarmu ba a gini a kan kabari, sarki da talaka tudun ƙasa ne da fasasshen tulu ko itace. Mutum-mutumi kuwa da wuya malamin da zai sa masa albarka, kuma duk gwamnan da ya kafa shi a Bichi ko Dambatta ya sayi hudubar Juma'a ta wata guda. Abin da muka yarda yana isa ga mamaci shi ne addu'a, da biyan bashinsa, da sadaka mai gudana. Mutanen wannan yanki ba sa bukatar gunki kafin su tuna da Gwamna Audu Bako. Madatsun ruwan da aka faro a zamaninsa suna nan, masu noman rani a Watari da Tomas suna cin moriyar wannan tunani nasa.

Waɗanda lissafin ya fi cuta su ne 'yan gari, waɗanda ake cewa za a haɗa sunansu da na sojoji. Soja ko ba komai yana da lamba, yana da fayil, akwai dokar da ta ce a biya magadansa. Matasan Maiduguri da suka tashi da gora a 2013 suka fatattaki Boko Haram daga unguwanni, da mafarautan da suka taya ƙwato Mubi a Nuwambar 2014 bayan an sauya mata suna zuwa Madinatul Islam, ba su shiga da lamba ba. Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, da ya jagoranci tankokin da suka ƙwato Baga a 2015 aka kashe shi a Malam Fatori ranar 4 ga Nuwamban 2016, ya samu jana'izar da ta dace da shi a maƙabartar sojoji ta Abuja, kuma ya cancanta. Ɗan sa-kan da ya nuna hanya a daji an binne shi a garinsu bayan la'asar, aka yi zaman makoki na kwana uku, wani ɗan siyasa ya aiko da buhun shinkafa. Haka abin yake a Shanono da Tsanyawa yanzu. Manomi ne da bindigar toka da fitila, mai unguwa ya rubuta sunansa a takardar makaranta ya ce ya riƙa sintiri. Idan ya faɗi, gonarsa ta shiga rabon gado, matarsa ta yi takabar wata huɗu da kwana goma, ƙanensa ya ɗauki yaran ya haɗa da nasa, babban cikinsu a cire shi daga makaranta.

Ita ma matar sojan da ke da fayil ba ta huta ba. Ɗakin bariki na mai aiki ne, ba da daɗewa ba za a bukace shi, ta kwaso yara ta dawo ƙauye. Daga nan sai neman takardu: shaidar rasuwa, shaidar aure ga auren da aka ɗaura a zaure da goro da alawa babu wanda ya rubuta komai, takardar rantsuwa daga kotu, hoton kowane yaro, wasiƙar hakimi, da gardamar wanda mamacin ya rubuta a matsayin magaji tun yana saurayi, sau da yawa mahaifinsa ko wansa. Hukumar fanshon soja tana Dutsen Alhaji a Abuja. Daga Tsanyawa sai ta shiga mota zuwa Kano, ta kama ta Abuja ta hanyar Kaduna, da muharrami, domin ba za a bar ta ta tafi ita kaɗai ba, kuɗin mota na mutum biyu ke nan zuwa da dawowa, ga kwana, ga abinci. Idan harafi ɗaya ya bambanta tsakanin sunan da ke katin ɗan ƙasa da wanda ke asusun banki, an rubuta Muhammad a nan Mohammed a can, sai ta koma gida ta gyara ta sake dawowa, kuma akuyar da za a sayar don tafiya ta biyu ita ce wadda aka ajiye don takin bana.